Filin Tambayoyin Masu Karatu: Abin da Jikin Makaɗi Yake Faɗa a Wajen Bita

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni ɗaliba ce a fannin wasan kwaikwayo da kiɗa, kuma ina shirin rubuta kundin digiri na biyu. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne motsin jikin makaɗa da mawaƙa a lokacin da suke bita, tun kafin su fita gaban jama'a, wato yadda suke kallon juna, da gyaɗa kai, da ɗaga hannu, da rausayawa. Da na kai wa kawuna wannan magana, sai ya ce kiɗa abin ji ne da kunne, bai ga dalilin da zai sa mutum ya ɓata shekara biyu yana kallon kafaɗun makaɗa ba. Shin akwai masanan da suka taɓa yin irin wannan bincike? Mene ne amfanin fifita bita a kan wasan fili? Kuma ta ina wadda ba ta da komai sai waya da littafin rubutu za ta fara?

Daga wata ɗaliba a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Ki gaishe mini da kawunki, ki ce masa na yarda kunne ne alƙalin kiɗa, amma ina roƙonsa ya tuna yadda kalangu yake magana. Makaɗi yana rataye shi a kafaɗa, ya maƙale shi a hammata, idan ya matse tsarkiyoyin da damtse fata ta ɗame sai murya ta hau, idan ya sassauta sai ta sauko. Abin da kunne yake ji a matsayin kirari ko habaici, damtse da gwiwar hannu ne suka ƙera shi. Wanda ya naɗi sautin kawai ya sami abin da aka dafa, amma bai ga yadda aka hura wutar ba, kuma ɗalibin ilimi yana da hakkin ya leƙa madafi.

Fannin da kika zaɓa ya fi shekara ɗari ana noma shi. A shekarun 1920 wani masanin Rasha mai suna Nikolai Bernstein yana aiki a wata cibiyar nazarin ayyukan ƙwadago a Mosko, inda yake ɗaura ƙananan fitilu a gaɓoɓin hannun ma'aikaci yana ɗaukar hotonsu a jere yayin da mutumin yake dukan ƙarfe da guduma. Ya lura cewa ƙwararre ba ya maimaita motsi ɗaya sak sau biyu, kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu kowanne yana ɗan sauya hanya a kowane bugu, amma duk da haka kan gudumar yana sauka inda ake so. Daga baya ya juya wannan dabara kan masu kaɗa fiyano. A ɓangaren Afirka kuma, tun 1928 Erich von Hornbostel ya rubuta cewa mai son fahimtar kiɗan ganga na wannan nahiya ya fara da motsin hannun da yake ɗagawa ya sauko, kafin ya zo kan ƙarar da ta fito. An soki wasu maganganunsa daga baya, kuma sukar tana da hujja, amma wannan tunani ya bar baya mai kyau. A 1962 Gerhard Kubik, ɗan ƙasar Ostiriya, ya ɗauki fim marar sauti na masu kaɗa wani abin kiɗa na jerin itatuwa a arewacin Mozambik, ya koma yana bin fim ɗin hoto bayan hoto yana rubuta lokacin da kowace sanda ta taɓa itace, ya fitar da tsarin kiɗan da saurinsa ya fi ƙarfin kunne ya rarrabe. Haka John Baily, wanda ya zauna a Herat ta Afganistan a shekarun 1970, ya nuna cewa sau da yawa fasalin abin kiɗa da hanyar da yatsu suka fi jin daɗin bi a kansa su ne suke haifar da salon karin da ake ji. Idan kin gaya wa kawunki waɗannan sunaye, zai san cewa ba ke kika fara ba.

Kafin ki shiga ɗakin bita, ya kamata ki san cewa masana sukan rarrabe motsin makaɗi gwargwadon aikinsa. Akwai motsin da shi ne yake fitar da sauti, kamar saukar sandar kiɗa a kan fata ko jan izga a kan tsarkiyar goge. Akwai wanda yake tallafa masa, kamar cika kumatu da mai algaita yake yi domin ya ajiye iskar da zai ci gaba da busa da ita yayin da yake shaƙar wata ta hanci. Sannan akwai wanda aka yi domin abokin kiɗa ya gani, da wanda aka yi domin 'yan kallo. Wannan rabe-rabe yana da amfani a kan takarda, sai dai ina gargaɗinki da cewa a zahiri motsi ɗaya yakan ɗauki kaya biyu ko uku a lokaci guda. Jan numfashin da mawaƙi yake yi kafin ya ɗora baiti buƙatar huhunsa ce, kuma shi ne alamar da 'yan amshi suke jira domin su san gaɓarsu ta ƙare. Idan kika tilasta wa irin wannan motsi ya shiga aji ɗaya, kin zubar da rabin ma'anarsa.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, wadda ita ce ta fi faranta mini rai, domin a nan ne nake ganin kin hango abin da mutane da yawa suke wucewa. A fili, makaɗan da suka daɗe tare sun riga sun gama shawara. Alamar da aka fara da ɗaga hannu sama da kai ta ƙanƙance ta koma ɗaga gira, wadda aka fara da kiran suna ta koma ƙifta ido, har mai kallo daga waje ya ɗauka mutanen nan suna karanta zukatan juna ne. A wajen bita kuwa ana tsayawa, ana kuskure, ana komawa baya, ana gardama, kuma a nan ne za ki ga ranar da aka haifi alama da ranar da ta girma da ranar da ta shige cikin jiki har ta daina bayyana. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar makaɗi a gaban jama'a ta sha kwalliya saboda masu biki, a wajen bita ne take fitowa yadda Allah Ya yi ta.

Binciken da aka yi a ƙasashen Turai ya goyi bayan wannan. A 2002 Aaron Williamon da Jane Davidson sun bi wasu ƙwararrun masu fiyano biyu a Ingila tun daga haɗuwarsu ta farko har ranar wasa, suka tarar cewa mafi yawan lokacin bitar a kiɗa ya tafi, magana kaɗan ce ƙwarai, kuma yayin da ranar wasa take matsowa haɗa ido da daidaita motsi suka riƙa ƙaruwa, musamman a mahaɗar sassan kiɗan inda ake shiga ko ake fita. Ma'ana, abin da za mu zata da baki ake sasantawa, da jiki aka sasanta shi. A 2011 kuma Elaine King da Jane Ginsborg sun nazarci mawaƙa da masu raka su da fiyano, suna sauya musu abokan bita, sai suka ga mutum ya fi yawan amfani da ishara idan yana tare da wanda ya saba da shi ko wanda suke kai ɗaya a gwaninta. Wannan sakamako ya cancanci ki tsaya a kansa, domin hankali zai fara ba ki cewa baƙi ne suka fi buƙatar alama. Ashe ishara ma amana ce, mutum ba ya sake jiki ya yi ta sai ga wanda ya tabbata zai karanta.

Wasu kuma sun bi ta hanyar gwaji. Werner Goebl da Caroline Palmer a 2009 sun zaunar da masu fiyano bibbiyu, suka riƙa rage musu jin sautin juna ta na'urar kunne, sai jagoran ya fara ɗaga yatsunsa sama fiye da da, kawunansu kuma suka ƙara tafiya tare. Da kunne ya gaza, ido ya karɓi aikin ba tare da an umarce shi ba. A 2017 wata tawaga a Jami'ar McMaster ta Kanada, a ƙarƙashin Laurel Trainor, ta auna rangajin jikin makaɗa huɗu masu kayan kiɗa dangin goge, bayan an gaya wa kowannensu a asirce ko shi jagora ne ko mabiyi. Lissafi ya nuna cewa rangajin wanda aka ba jagoranci yana riga na sauran, nasu yana bin sawunsa, kuma wannan tasiri ya fi ƙarfi idan suna ganin juna. Martin Clayton, wanda yake koyarwa a Jami'ar Durham, ya nazarci bidiyon makaɗan Indiya masu kaɗa tanfura, abin kiɗan da aikinsa shi ne shimfiɗa amo ɗaya a ƙarƙashin waƙa, kuma bisa ƙa'idarsu kowa da saurinsa yake tafiya. Duk da haka ya ga hannayensu suna faɗawa cikin tsari ɗaya da na abokan zama ba da niyya ba. Wannan darasi ne babba gare ki, domin yana nufin akwai abin da makaɗi zai rantse miki bai yi ba, kuma da gaskiyarsa yake rantsuwar, alhali bidiyo ya nuna ya yi.

Bari in ba ki abin da na gani da idona. Shekarun baya na zauna a zauren wani mawaƙin gargajiya da dare bayan sallar isha'i, yana ɗora wa yaransa sabuwar waƙa da za su kai wani naɗin sarauta. Su shida ne a kan tabarma, fitila ɗaya a tsakiya. Ya rera amshin sau uku, suka karɓa, sannan ya fara jero ɗiyan waƙar. Akwai wani yaro sabon shiga a cikin 'yan amshi, muryarsa garau, amma duk lokacin da aka zo karɓa sai ya makara da ɗan abin da bai kai daƙiƙa ba. Maigidan bai ce masa uffan ba. A zagaye na huɗu sai ya juya kafaɗarsa ta hagu wajen yaron, kuma da ya kusa ƙarshen ɗan waƙa sai ya sunkuyar da haɓarsa a kan gaɓar ƙarshe, sunkuyawa mai girma wadda ko makaho zai ji iskarta. Yaron ya shiga daidai. A zagaye na gaba sunkuyawar ta ragu, a na bayansa ta ƙara raguwa, kafin a tashi ta zama ɗan motsin da in ba ka san da shi ba ba za ka gan shi ba. Ranar naɗin ina tsaye kusa da su, na zuba wa haɓar nan ido, na ga tana nan tana aikinta a ƙarƙashin rawani, kuma na tabbata a cikin ɗaruruwan mutanen da suke wurin babu wanda ya lura. Da a fili kawai na tsaya, da na rubuta cewa yaron yana da kunne mai kyau, in wuce, ban san an yi masa hannunka mai sanda har sau goma a zaure ba.

A wannan dare na yi kuskuren da ba na so ki maimaita. Na kafa kyamarata a kan fuskoki, domin a zatona can labarin yake. Sai da na koma gida na gane cewa babban mai kalangu da diddigensa yake riƙe da saurin kiɗan gaba ɗaya, sauran makaɗan kuma ƙasa suke kallo, ni kuwa na yanke ƙafafun kowa daga hoton. Saboda haka shawarata ta farko ita ce ki ja da baya, ki ɗauki mutane tun daga kai har tafin ƙafa, kowa da kowa a cikin hoto ɗaya, wayar tana kan abin da zai riƙe ta ba a hannunki ba. Ishara tsakanin mutum biyu take, idan kin ɗauki mai yi kin bar wanda aka yi wa, kamar kin naɗi rabin hira ce. In kin sami aron waya ta biyu, ki ajiye ta a gefe, kuma a farkon ɗauka ki tafa hannu sau ɗaya a inda duka biyun za su gani su ji, domin wannan tafi shi ne zai ba ki damar daidaita bidiyon biyu daga baya. Yawancin wayoyi suna ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, da yawa suna iya 60, kuma 60 ɗin ya fi dacewa da hannun mai ganga. Manyan ɗakunan bincike suna manna wa makaɗi ƙananan ƙwallaye masu mayar da haske, kyamarori da yawa suna bin su, amma kada rashin wannan ya karya miki gwiwa, domin Kubik da fim marar sauti ya yi aikinsa.

Kafin duk wannan akwai neman izini, kuma ina nufin izini na gaskiya. Bita sirrin makaɗi ce. A nan ake ganin gazawarsa, a nan yake tsawata wa yaransa, a nan sabuwar waƙar da bai fitar ba take kwance, kuma wani zai iya ɗauke ta. Ki je ta hannun wanda suka amince da shi, ki bayyana wa maigida da kowane yaro abin da za ki yi da bidiyon da wanda zai gan shi, ki yi alkawarin ba za ki sa shi a intanet ba, ki kuma cika. Ki yi zama biyu ko uku ba tare da kin kunna komai ba. Ranar farko da aka ga kyamara kowa yakan gyara zama ya koma wasan fili, sai an saba da ke sannan jiki yake komawa ɗabi'arsa.

Ki kuma faɗaɗa abin da kike kira bita. Makaɗan Turai da aka yi yawancin binciken nan a kansu suna da takardar kiɗa a gabansu da sa'ar farawa da ta tashi. A wurinmu sau da yawa bitar tana faruwa a zaure, ko a mota kan hanyar zuwa biki, ko a gefen fili kafin jama'a su taru, kuma akwai mawaƙa irin marigayi Mamman Shata da suka shahara da ƙirƙirar baiti nan take, wanda hakan yake nufin makaɗansu da 'yan amshinsu dole su karanci jikinsu a kowane lokaci tun da ba su san abin da zai fito ba. Akwai kuma wuraren da ake bita mai tsari: masu bege da mandiri kafin Maulidi, 'yan makarantun Islamiyya kafin walimar sauka, ƙungiyoyin mawaƙan coci masu rera waƙa da Hausa, 'yan badujala na soja da na 'yan sanda, da ɗakunan naɗar waƙa na Kano da Kaduna da Jos. Ke kuma kina da wata ƙofa da ni ban taɓa samu ba. Kiɗan ƙwarya na amada, wanda marigayiya Barmani Choge ta ɗaukaka, da kiɗan shantu da 'yan mata suke bugawa a cinya suna toshe bakinsa da tafin hannu, duk a cikin gida ake koyonsu, inda namiji baƙo ba ya shiga. Da ni ne ke, can zan nufa.

Idan kin dawo da bidiyo, aikin haƙuri ya fara. Akwai manhaja kyauta mai suna ELAN, wadda cibiyar Max Planck ta nazarin harshe da ke Nijmegen a ƙasar Holan ta samar, tana ba ki damar buɗe layi-layi a ƙarƙashin bidiyo, wannan na kai, wannan na ido, wannan na hannu, wannan na abin da ake rerawa, kina sa alama daga inda motsi ya fara zuwa inda ya ƙare. Ki sani minti biyar na bita zai iya cin yini guda, don haka ki zaɓi gaɓoɓi kaɗan masu nauyi, kamar farawa, da miƙa wa 'yan amshi, da sauya sauri, da tsayawa, ki bi su a zama bayan zama. Ƙa'idar da nake so ki riƙe da hannu biyu ita ce ki rubuta abin da ido ya gani kafin ki rubuta abin da kike zaton yana nufi. Ki rubuta cewa ya karkatar da kai dama, ya ɗaga gira, tsawon rabin daƙiƙa, a gaɓar ƙarshe ta baiti. Kada ki rubuta cewa ya ji haushi. Sannan ki ba wata abokiyar karatu wani yanki ta yi nata ba tare da ta ga naki ba, ku gwada, inda kuka saɓa nan ne ma'auninki yake da rauni.

Daga nan sai ki koma wurin makaɗan da bidiyon, ku kalla tare, ki tsayar a inda kika sa alama ki tambaye su abin da ya faru a nan. Za su yi dariya, za su yi gardama a tsakaninsu, wani zai ce ai wannan hararar ta jiya ce ba ta kiɗa ba, kuma za ki ji kalmomin da su kansu suke kiran waɗannan abubuwa da su. Ki rubuta kalmomin nan yadda suka faɗe su, ki gina nazarinki a kansu. A 1971 David Ames da Anthony King sun tattara ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa, an kuma yi aiki mai yawa a jami'o'inmu a kan matanin waƙoƙi da tarihin mawaƙa, to kalmomin da makaɗa suke amfani da su wajen gyara wa juna zama da hannu da numfashi su ma sun cancanci a taskace su. Abin da ba na so shi ne ki fito da jadawali mai cewa gyaɗa kai yana nufin kaza a kiɗan Hausa. Gyaɗa kan wannan maigida ga wannan yaro a wannan waƙa shi ne abin da kika gani, kuma a gidan wani makaɗin yana iya nufin akasin haka. Ki faɗi iyakar abin da kika gani, zai ishe ki kundi. Allah Ya ba da sa'a, kuma ina jiran labarin yadda zaman farko ya kasance.

TAMBAYA: Malam, ina yi maka fatan alheri. Ina koyon fiyano a wurin wani malami, kuma kullum faɗansa shi ne in daina rausaya, in zauna kamar an dasa ni, wai motsi ba ya ƙara wa sauti komai. Ni kuma idan na ƙame sai in ji kiɗan ya mutu a hannuna. Wane ne yake da gaskiya a cikinmu?

Daga wani matashi a Damagaram

AMSA: Ɗana, malaminka yana da hujja ta fuskar na'urar kanta. Da zarar ɗan gudumar da ke cikin fiyano ya bugi waya ya koma, babu wani lanƙwasa baya ko juya kai da zai sauya wannan sauti. Amma mai sauraro yana da ido, kuma idon yana shiga cikin abin da yake ji. A 2007 Michael Schutz da Scott Lipscomb sun ɗauki wani gwanin marimba, abin kiɗa na jerin itatuwa, yana bugu ɗaya da doguwar ɗagawar hannu, wani bugun kuma da gajeruwa. Waɗanda aka kunna wa sauti kawai ba su ji bambancin tsawo ba, amma waɗanda suka ga hannun sun ce na farko ya fi daɗewa yana amo. Tun 1993 Jane Davidson ta sa makaɗa su yi kiɗa ɗaya a yanayi uku, a ƙame, da yadda aka saba, da kuma da zuzutawa, ta ɗauke su ta yadda ba a ganin komai sai ɗigon haske a gaɓoɓinsu, ta tarar masu kallo sun fi rarrabe yanayin ukun da ido fiye da kunne. A 2013 kuma Chia-Jung Tsay ta nuna wa mutane gutsattsarin daƙiƙa shida na waɗanda suka kai zagayen ƙarshe a manyan gasannin kiɗa, aka ce su faɗi wanda ya ci a cikin uku, sai waɗanda suka kalli bidiyo marar sauti suka fi masu sauraro dacewa, har da ƙwararrun makaɗa a cikinsu.

Game da abin da kake ji a jikinka kuwa, Marcelo Wanderley na Jami'ar McGill a Kanada ya nazarci masu busa kilarinet, ya ga kowane mai busa yana maimaita kusan motsi iri ɗaya a wuri ɗaya duk lokacin da ya sake kiɗan, kuma ko da aka roƙe su su tsaya cik, motsin raguwa ya yi, bai ɓace ba. Wannan yana nuna cewa rausayar tana ɗaure da yadda makaɗi ya fahimci jimlolin kiɗan da inda yake numfashi. Hasali ma a Jami'ar Oslo ta Norwe, Alexander Jensenius ya shirya gasar tsayuwa cik tun 2012, na'ura ta nuna cewa kan mutum yana yawo 'yan milimitoci a kowace daƙiƙa komai ƙoƙarinsa, kuma idan aka kunna kiɗa mai bugu yawon yana ƙaruwa.

Duk da haka kada ka kai wa malaminka wannan shafi da niyyar cin gardama. Mai yiwuwa abin da yake gani shi ne kafaɗunka suna ɗagawa, ko jikinka yana kaɗawa a kan kowane bugu har yana janye hannunka daga inda ya kamata ya sauka, kuma irin wannan motsi yakan rufe wa ɗalibi kunne, ya ji kamar ya zuba shauƙi alhali yatsunsa ba su fitar da shi ba. Ka ɗauki kanka a bidiyo daga gefe, ka fara sauraro ido a rufe, sannan ka kalla ba sauti, sannan ka kai masa ku duba tare, ka roƙe shi ya nuna maka da yatsa motsin da yake cutar da kiɗan da wanda bai dame shi ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni mai kaɗa jita ne a wata ƙungiya, muna bita kusan kullum. Watanni uku ke nan yatsuna biyu na hannun hagu suna naɗewa da kansu idan na zo wani wuri mai sauri, kuma babu zafi. Ko kallon bidiyon kaina zai taimaka in gyara?

Daga wani makaɗi a Kumasi

AMSA: Ɗan'uwa, Allah Ya ba ka lafiya. Bidiyon zai taimaka, amma likita za ka kai wa, kuma ina roƙonka kada ka jinkirta. Ni ba likita ba ne, ba zan sa wa ciwonka suna daga wasiƙa ba, sai dai abin da ka kwatanta, yatsu su naɗe ba da izininka ba, a wuri ɗaya na kiɗa, kuma ba zafi, ya yi kama da wata lalura ta jijiyoyi da ƙwaƙwalwa da aka sani a tsakanin makaɗa, wadda masana suka ƙiyasta tana samun kusan ɗaya a cikin ɗari na waɗanda kiɗa ne sana'arsu. Ita ce ta hana shahararren mai fiyanon Amurka Leon Fleisher amfani da hannunsa na dama tun daga 1964, ya yi shekaru kusan talatin yana kiɗa da hagu kawai yana koyarwa kafin magani ya dawo masa da shi. Shi da kansa ya sha faɗin cewa da abin ya fara sai ya ƙara yawan atisaye domin ya murƙushe shi, kuma hakan ƙara dagula lamarin ya yi.

Saboda haka ka sassauta wa wannan wuri mai sauri tun yau, ka gaya wa abokan bitarka dalili. Ka sa wani ya ɗauki hannunka daga kusa da tsarin ɗauka mai rage gudu, sau ɗaya kana kaɗa wurin a hankali, sau ɗaya da saurinsa, sau ɗaya kuma kana motsa yatsun a kan tebur ba tare da jita ba, domin irin wannan lalura takan ɓuya idan babu abin kiɗan a hannu. Ka nemi a tura ka wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a babban asibitin koyarwa, ka tafi da bidiyon, ka kuma tafi da jitar kanta domin ya ga yatsun suna yi a gabansa.